Motar Da Ta Ƙoshi Da Mai

Ranar wata Talata ce a farkon watan Maris Sannu-Sannu ya fara shiga garejin Dogo makanike. Direban motar rabon burodi ne, kuma 'yan gidan burodin ne suka laƙaba masa sunan, don ko mai keke yakan wuce shi a titi. Tun yana saurayi yake tuƙi, bai taɓa ko gogar madubin motar wani ba. Kullum da safe sai ya share motar da tsumma, yana yi mata magana kamar ɗiyarsa.

A makon nan wata fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kunna kanta a gaban sitiyari, motar ta kama tari da hayaƙi. Mai gidan burodi ya faɗa masa ƙiri-ƙiri: in inji ya mutu, zai sayar da ita, kuma ba shi da wani aikin da zai ba shi.

"Baba, me ke damun amaryar taka?" in ji Dogo.

"Ɗana, duba min ita a hankali. Abincina ce."

Dogo ya jona 'yar na'urarsa a ƙasan sitiyari, ya karanta, ya ce iskar da ke shiga inji ce ba daidai ba. Ya ɗaga bonet, ya kwance akwatin filtar iska. Sai ga filta jiƙe sharkaf da baƙin mai, har cikin bututu. Sannu-Sannu ya dafe kai.

"Shi ke nan, ta mutu ko?"

"Tsaya tukuna, kada ka yi mata makoki da ranta." Dogo ya zaro ma'aunin mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Mai ya haura alamar sama nesa ba kusa ba. "Wa yake ƙara mata mai?"

"Ni. Ɗan ƙanƙani duk Asabar, don kada ta ji ƙishi."

"Kana duba ma'auni kafin ka zuba?"

"Mota mai shekaru irin nata ai ba ta rasa bukata."

Suna cikin haka mai gidan burodi ya sauka daga babur, yana faɗa tun daga bakin ƙofa.

"Ka kashe min mota ko? Motar da ni da hannuna nake zuba wa mai duk Lahadi, don na san ba ka kula!"

Dogo ya dube shi, ya dubi Baba, dariya ta ƙwace masa har ya jingina da taya.

"Ranka ya daɗe, ai ƙauna ce ta yi mata yawa. Ku biyu kuna ɗura mata, ba wanda ya san da wani. Da ta rasa inda za ta kai, sai ta amayar ta hanyar iska."

Ya rage man, ya wanke bututu da na'urar auna iska, ya sa sabuwar filta, ya goge laifin da na'urarsa ta nuna. Aka tayar da motar, fitila ba ta dawo ba. Mai gida ya sosa ƙeya, ya ce, "To Baba, gobe ka fito da wuri."

Sannu-Sannu ya ci gaba da tuƙa motar shekaru bayan haka, kullum Dogo ne makanikensa. Da idonsa ya yi rauni, ya ajiye tuƙi da kansa. Yanzu shi ne mai kula da lodin burodi, yana nan lafiya lau.