Jikana Ya Gaji Hannun Rigata

A shekarun da nake dillancin doya a Yendi ba a san ni da ilimi ba, don makaranta leƙawa kawai na yi na dawo. Abin da aka san ni da shi dara ce, wadda a nan muke ce wa dame, a gindin dalbejiyar bayan tasha. Ba a taɓa cinye ni ba, kuma ba don na iya ba. Da na ga an kusa gamawa da ni sai in dubi rana, in ce la'asar ta yi, in miƙe da sauri, hannun babbar rigata ya share allon kaf. Tsofaffi su zage ni, in rantse iska ce, a yi dariya. Jikana da nake riƙo kullum yana gefena a benci, shi ya fi kowa dariya.

Da ya tasa sai ya zama mai tsaron gida a ƙungiyar ƙwallon yaran zango. Aka kai su wasa Salaga, na bi su. Ana zura masa ta biyu sai na ga yaro ya dubi rana, ya ɗauki ƙwallo ya doka ta cikin gidan mutane, ya ce la'asar ta yi. Yaran Salaga suka miƙo hannu, ya wuce su. Ni kaɗai na gane salon, na sunkuya ina gyaran takalmi.

Koci ya cire shi, ya ce sai ya ba da haƙuri gaban kowa. Ya ƙi. Abokai suka daina biyo masa. Na zaunar da shi na yi dogon wa'azi, cewa kowa yana faɗuwa. Ya saurara da ladabi, sannan ya tambaye ni yaushe ni na taɓa faɗuwa.

Sai na kai shi gindin dalbejiya, na naɗe hannun riga, na zauna har wani tela da ya daɗe yana jirana ya cinye ni tas. Na miƙa masa hannu na ce ya fi ni. A hanyar gida yaro ya taɓa goshina, ya tambaya ko zazzaɓi nake yi, ya ce da na ƙifta masa ido da shi da kansa zai ture allon.

Har yau da yamma yana kan katangar filin ƙwallo shi kaɗai, yana kallon wani yaro a ragarsa. Ni kuwa kullum ina zuwa a cinye ni a gabansa, tela har ya gaji, ban san ko zai yi amfani ba. Na gane a makare cewa yaro ba bakinka yake saurara ba, hannunka yake kallo. Iyaye da kakanni, don Allah ku bari a cinye ku tun yaran suna ƙanana, kuma ku tabbata suna wurin.