Kawu Sali da Sandar da Ta Ƙi Juyawa

Ku da kuka san Kawu Sali makaniki, kun san ba a yi masa sallama a wuce lafiya. Sai ya amsa, ya leƙa bayanka, sannan ya ce, "Wa ya aiko ka?" Wallahi ni ɗan ƙanwarsa ne, a hannunsa na girma, amma har ya koma ga Allah bai daina yi mini wannan tambaya ba.

Mai shayin bakin garejinsa a nan Garwa ya ga ta kansa. Kullum sai Kawu ya sa shi ya kurɓa kafin ya karɓi kofin. Ran nan mutumin ya gaji, ya ce, "Haba maigida! Tun yaushe kake shan shayina, ko ciwon ciki ka taɓa yi?"

Kawu ya ce, "Abin da ke ba ni tsoro ke nan. Me kake jira?"

To ni abin da ba zan manta ba shi ne gyaran motata. Tsohuwar a-kori-kura ce, da ita nake ɗauko kifin banda daga Lagdo in kai Ngawundere, kuma ita ce abincin gidana. Ana tsakiyar damina injin ya buga. Masu kifi suka ce in ban zo ranar kasuwa ba, za su ba wani direba, don danshi zai lalata musu kaya. In kuwa suka saba da wani, ni da su sai gaisuwa.

Kawu ya kwance injin kaf, ya wanke, ya fara haɗawa. Komai na tafiya daidai har aka zo kan kamshaf, wato sandar nan mai buɗe bawul tana rufewa. Akwai 'yan murafan ƙarfe da ke riƙe ta, kowane da mazauninsa, ba a sauya musu wuri. Ya ɗaure su, ya kama sandar zai juya, ta ce atafau. Ya saki, ya sake ɗaurewa. Ko motsi!

Ya miƙe a hankali, ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. "An taɓa."

Danyel mai walda, maƙwabcinsa, ya leƙo ya ce, "Baba, haɗa kawai a tayar. In ta ji zafi za ta saki da kanta."

"Ta saki, ko ta cinye injin? Ashe kana da ɗan'uwa mai sayar da inji ban sani ba."

Danyel ya koma waldarsa.

Daga nan Kawu ya rungumi sandar, ya hau acaɓa sai shagon wanda ya sayar mana da ita. Wai a lanƙwashe take. Bawan Allah ya mirgina ta a kan gilashin teburinsa, ta tafi sumul. Kawu ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ta miƙe da yawa. Ban yarda ba."

Da ya dawo sai ya juyo kaina. "Bello, faɗi gaskiya. Sabuwar mota kake so, shi ya sa ka yi wa wannan makirci."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Kawu, ka ji tsoron Allah! Ni da ko taya ba na iya sauyawa sai ta nuna zare? Gobe ce fa kasuwa, ka sa mata guduma mu huta!"

"Ka ji ko! Mai laifi ne ke gaggawa."

Ana cikin haka sai ga Goggo Asta, matarsa, ta kawo abincin rana. Ta tsaya ta ji ƙarar da ake yi, ta ajiye kwano, ta ce, "Malam, ba murafan nan ba ne da ka kai gida don kada a musanya maka?"

"Su ne. A jere na naɗe su cikin tsumma."

"A jere? Ka sa su a tukunyata, ka ce ba ka yarda da yara ba. Ka mai da su ƙarƙashin katifa, ka ce ba ka yarda da ni ba. Ka kai su akurkin kaji, zakara ya tone tsumman, ka bi kana tsincewa kana zaginsa."

Danyel ya toshe baki da hula, kafaɗunsa na rawa. Kawu ya zauna a kan tsohuwar taya, ya riƙe haɓa, can ya ce, "Na gaya muku akwai mugu a garejin nan. Daga yau ni ma ban yarda da ni ba."

Lambobin jikin murafan sun daɗe da gogewa, don haka sai ya bi su yana gwadawa, ya ɗaura wannan nan, ya cire, ya mai da shi can. Wajen la'asar ya sa yatsa biyu, sandar ta juya kamar an shafa mata man shanu.

Da safe na zo ɗaukar mota, na tarar da shi zaune a gaba da butarsa.

"Kawu, ina zuwa?"

"Lagdo. Wanda ya haɗa injin nan ba abin yarda ba ne."

Haka muka tafi, kunnensa a jikin mota, in na yi magana ya ce in rufe masa baki. Da muka isa, muka iske wani direba har ya juyo da bayan motarsa wajen kwandunan kifi. Masu kifi suka hango ni, suka ce masa ya yi haƙuri, mai wuri ya zo. Har yau ni nake ɗaukar musu kaya.

Injin nan bai sake buga mini ba. Ranar da Kawu ya rasu, a bayan motar muka ɗora makararsa zuwa maƙabarta. Ina tuƙi ina kuka, ita kuwa motar ko tari ba ta yi ba.

Allah ya jiƙan Kawu Sali, ya yafe masa zargin da ya yi mana, mu dai mun yafe tuni. Allah ya sa ya kwanta cikin aminci, a inda babu abin tsoro. Amin.