Hita a Motar Ilarie

Ilarie ya tsufa yana tuƙa bas tsakanin ƙauyukan kan dutse da birnin Baia Mare, kuma duk wanda ya shige ta da hunturu, ɗuminta yake tunawa. Da ya yi ritaya, ɗansa ya aiko masa da motar lantarki daga Jamus, don ya riƙa kai matarsa Veturia asibiti wankin ƙoda.

Lokacin zafi lafiya lau. Sanyi na shigowa, batir ya soma zuƙewa a hawan dutse, ga shi babu wurin caji a hanya. Sai Ilarie ya daina kunna hitar ɗumama mota don tana cin batir, ya koma lulluɓe Veturia da bargo.

"Kai tsoho, firij ɗan naka ya saya mana?" in ji ta, haƙoranta na kaɗawa. "Kunna mini ko kaɗan."

"Yi haƙuri, tsohuwa, bari mu gangara."

Ko sun gangara ba ya kunnawa, dawowa yake tunani.

Veturia ta rasu kafin ƙanƙara ta narke. Yanzu motar tana tsakar gida, kullum batir cike. Wani lokaci yakan shiga ya ƙure hita, ya zauna, hannunsa a kan kujerarta.