Ranar da Akawu Ya Kai Ni Funtua Zaɓen Inji

Bana shekara talatin da biyu ke nan da rasuwar maigidana. Ban kama sunansa yana raye ba, ba kuwa yanzu zan fara ba. Mutanen Malumfashi da Akawu suka san shi, domin shi ne magatakardan ƙungiyar manoman auduga ta yankinmu. Ni ban yi boko ba. Jikata Rabi ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma ja mata kunne kada ta gyara mini magana.

Ita ce ma ta tono zancen. Ofishinsu zai sayi firinta, aka ɗora mata zaɓe. Ta zauna tana latsa waya tana zayyana mini: wannan yana buga takarda, yana fotokofi, yana ɗaukar hoton takarda ya tura cikin kwamfuta, tawadarsa gari ce ba ruwa ba, kuma baƙi kaɗai yake bugawa. Na ce, "Kin taɓa takardar da ya buga da hannunki?" Ta ce, "Haba Kaka, yanzu a waya ake dubawa." Na ce to gyara zama, don tun ba a haifi uwarki ba na zaɓa wa ofis inji.

Lokacin nan takin zamani ya fara yawa, manoma na ta shiga ƙungiya, daga Gozaki har wajen Danja. Akawu da tafireta ɗaya yake buga sanarwar rabon iri da ta ranar awo, ya maimaita, ya sake maimaitawa, har yatsunsa su kumbura. Shugaban ƙungiya, Alhaji Mamman, ya ce a sayo inji mai fitar da takardu da yawa. Shi na lantarki yake so, amma ya bar wa Akawu zaɓe.

Abin da ni kaɗai na sani shi ne ciwon yanar ido ya fara rufe wa Akawu ido. Bugawa ba ta gagare shi ba, yatsunsa sun san tafireta kamar yadda na san madafata. Duba abin da ya fito ne ya fara fin ƙarfinsa. In aka gane, wani za a ɗauko a ba shi kujerar, shi kuwa a shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ga yara a makaranta. Kuma mutum ne da zaman banza zai kashe shi kafin ciwo.

Ranar tafiya ya ce in ɗauko mayafina. Muka shiga motar kasuwa zuwa Funtua, shagon wani Oga Sande, ɗan Ibo haifaffen garin, wanda Hausarsa ta fi ta wasunmu gishiri. Yana ganinmu ya ce, "Akawu, inji ka zo saye ko kayan ɗaki? Na ga ka zo da mai gayya." Akawu ya ce, "Kai dai kunna. Abin da ta ce, shi za a yi."

Ya kunna na lantarkin, ya yi ƙugi, ya tofo takarda mai santsi, rubutun toka-toka. Ya jawo na hannun, wanda ake ɗaura masa takardar kakin da aka buga a tafireta, a shafa tawada, a riƙa juya mariƙi. Ban san me aka rubuta ba, amma na san inda takardar za ta kwana. Manomi ninke ta zai yi ya cusa a hula, ya yini a rana, gumi ya jiƙa ta, sai ranar awo ya zaro. Na shanya su biyun a bakin ƙofa muka tafi cin abinci. Da muka dawo na lashi babban yatsa na murza kowacce. Ta lantarkin ta koɗe, ta hannun kuwa baƙinta na nan wuluk. Oga Sande ya riƙe baki. "Uwargida, da kowa zai zo da ke, da na koma sayar da doya."

Muka sayi na hannun, a mota Akawu ya faɗa mini sauran. Na hannun aikin mutum biyu ne, mai bugawa da mai juyawa. Ya ce, "Ki juya, ki duba mini baƙin."

Alhaji Mamman ya ɓata rai kwana biyu, amma da wuta ta ɗauke mako guda ana tsakar rabon iri, bai sake magana ba. Aka sa injin a ɗakin baya, aka rataya labule. Ni ke juyawa, da irin lanƙwasar da nake niƙa a dutse. Da hoton audugar da ke saman takarda nake gane kai da ƙafa. In baƙi ya yi rauni a gefe, in ce, "Malam, hagu ta ji yunwa," ya ƙara tawada. An yi surutu, ba a fasa ba. A gidan biki mata su kama hannuna da tawada ta rina su ce, "Ga mai lallen ofis!" Ni kuwa in ƙara baje yatsun su gani da kyau.

Ina tunanin me Akawu zai ce da injin Rabi. Zai yi murna, don yana son sabon abu. Amma sai ya tambayi wa ke gyara shi a Funtua, a ina ake samun garin tawadar, kuma in wuta ta ɗauke janaretan ofis zai iya ɗaukarsa? Na faɗa mata duka ukun, ta rubuta. Abin da zai ɗaure masa kai, ina jin, shi ne inji ɗaya ya cinye aikin mutum huɗu, babu wanda zai tsaya a gefenka ya taya ka.

Bayan damina uku idon ya rufe sosai. Akawu ya ce ba zai ci amanar mutane ba. Ya tara shugabanni a ofis, ina bayan labule. Ya faɗa musu komai, ya ce su nemi wani. Sai Alhaji Mamman ya ce, "Akawu, tun ranar da ka yi wa buhun taki sallama har sau biyu muka sani. Takarda ta taɓa makara?" Aka ce a'a. "To wa ke duba maka?" Akawu ya juya wajen labule ya ce, "Ga idona nan, Alhaji." Alhaji ya ce, "To mu ba mu ga makaho a ofishin nan ba. A koma aiki."

A kujerar nan ya zauna har ciwon ajali ya kwantar da shi. Ƙungiyar ta watse, ɗakin ma yanzu shagon cajin waya ne. Yaranmu duk sun gama makaranta, na gode wa Allah, na gode wa Alhaji Mamman da mutanensa. An kira ni Hajiya, an kira ni Kaka, amma sunan da Akawu ya ba ni ran nan, a gaban manyan maza, bai ji kunya ba, shi nake riƙe da shi har yau. Allah Ya haskaka kabarinka, Malam, Ya buɗe maka ido a kan abin da ya fi duniya kyau.