Ragowar Ruwan Buta

A lokacin muna haya a Fadaman Mada, ciki da falo. A bakin layinmu akwai wata 'yar kudu mai shagon kayan masarufi, kowa Madam yake ce mata. Ita ta ba ni shukar, a cikin tsohon gwangwanin madara: ganye mai kauri, cike da ruwa, gefensa kamar haƙoran zarto.

Ta ce, "Maman yara, kar ka ba shi ruwa kullum fa. Sai ƙasa ya bushe. In ruwa ya yi yawa, zai mutu."

Ni kuwa ba na wasa da ƙa'ida. Na huda gindin gwangwanin, na gauraya ƙasar da yashi, na ajiye a tagar falo inda hasken safe ke shigowa. Duk Juma'a nakan tura yatsa cikin ƙasar. In ta bushe in zuba kaɗan, in da danshi in bari. Ta yi kyau, har masu zuwa barka da sallah suna tambaya.

Sai ganyen ƙasa ya fara yin rawaya, karan ya yi laushi. Na tura yatsa ranar da ba Juma'a ba, na ji caɓi. Akwai mai zuba mata ruwa a bayan idona.

Da yara na fara. Na kira su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rantse, na duba idonsu ban ga ƙarya ba, amma ban sake su daga raina ba. Na koma kan maigidan, don yana da ɗabi'ar watsa ragowar shayi inda ya ga dama. Na shinshina ƙasar: ba ƙamshin shayi, ba tururuwa. Daga nan har Madam na zarga, ko mai ciwo ta zaɓo mini. Na kai mata ganye ɗaya, ta matsa shi da yatsa, ta yi dariya.

"Ɓarawon yana cikin gidanka."

Saura mutum ɗaya, surukata. Ta zo daga Zungur ganin likita saboda gwiwa, a falon take kwana. Ban sa ta a lissafi ba, ganin da ƙyar take miƙewa.

Na yayyafa busasshen yashi a saman ƙasar don ya nuna mini. Bayan azahar na tarar da ɗan rami a tsakiya, jiƙaƙƙe. Na shafe, na sake yayyafawa. Da aka kira la'asar na tsaya bayan labulen ciki. Ga Inna ta shigo daga alwala tana dafa bango, buta a hannu. Ta nufi taga, ta yi bisimilla, ta juye ragowar ruwan kaf.

Na fito na durƙusa. "Inna, ashe ku ne kuke ba ta ruwa."

"To me zan ba ta, 'yar nan, manja? Kin ɗaure baiwar Allah a gwangwani, ƙasa ta bushe kamar ƙanzo, kina wucewa kina kallo. Ba kya tsoron hakki?"

"An ce ba ta son ruwa, Inna."

"Wa ya ce? Tun ban kai ki ba nake noma. Abin da ba ya son ruwa gishiri ne."

Ba a ja da suruka. Na kai maganar gun ɗanta, ya ce kar in sa shi a ciki. In na ɗauke gwangwanin, ta san da ita nake. In na bari, salla biyar, ruwa biyar.

Ga abin da na yi. Na tsinke ganye masu lafiya, na bar su a inuwa bakin ya kame. Na zuba yashi a tsohon faranti, na kwantar da su, na ɗora a kan kabad na ciki, inda haske ke kaiwa amma hannu ba ya kaiwa. Gwangwanin na bar wa Inna. Ta ci gaba da yi masa hidima har karan ya kwanta. Ta ce ai ta faɗa, ƙishirwar baya ce ta kashe ta. Na ce haka ne, Inna.

A kan kabad kuwa, kowane ganye ya fito da 'ya'ya a gefensa, da saiwa sirara kamar zare. Ban nuna wa kowa ba.

Ana jibi Inna za ta koma Zungur, na shiga ciki bayan la'asar, na ga kujerar tsuguno a gaban kabad, ba inda nake ajiye ta ba. Na hau, na tura yatsa. Danshi. Na leƙo falo, Inna tana kan darduma tana jan carbi, tana matsa gwiwa.

Na canja yashin, na kulle ɗakin, na ɗaure mabuɗin a bakin zane. Ban kwance shi ba sai da na ga keke napep ya fice da ita daga layin.