Farar Fitilar Baba Ashemi

Da karo muka san juna. Bayan magariba na shigo lungunmu a Lafiya riƙe da ledar ƙosai, muka yi kiciɓis da wani tsoho. Ya kauce damansa, ni kuwa da wayona na kauce haguna, sai gwaf! Ƙosai ya watse, awaki suka sami walima.

"Malam, in jirage biyu suka fuskanci juna, kowa damansa yake bi," in ji shi. "A ruwa da yanzu kifi na cin ƙosanka."

Baba Ashemi ke nan. Ƙuruciyarsa duk a kan Binuwai ta ƙare, yana tuƙa jirgi mai inji daga Tunga ta ƙasar Awe. A cikin duhu fitila ce bakin jirgi: ja a hagu, koriya a dama, fara a baya. Ka hango jar wani yana gitta gabanka, ka rage wuta, hanya tasa ce. Akwai wani Batibi, Aper, da suka daɗe suna wuce juna ja da ja, kowa ya ƙifta tocila sau ɗaya. Ko shayi ba su taɓa sha tare ba, amma Baba bai da aminin da ya fi shi.

Da ido ya fara hazo, 'yarsa Rahmat ta kama masa ɗaki a nan, ta koma bakin aikinta a Abuja. Garin ba kogi. Masu keke napep su yi masa hon, 'yan acaɓa su zagaye shi kamar turke, babu mai cewa sannu. Jar fitilar da koriyar ya naɗe su a tsumma ƙarƙashin gado. Farar kaɗai yake ɗaurawa a kan gora a ƙofar ɗakinsa kullum da almuru, ya zauna a ƙasanta shiru. A ruwa, in ita kaɗai ke ci, ma'anarta ɗaya: jirgi ya tsaya, amma da mutum a ciki.

Bakina da ba ya zama, ran nan na ce, "Baba, nan fa tudu ne. Wane jirgi kake tsoron ya buge ka?"

Ya juyo gare ni.

"Tsoro? Ni da nake roƙon Allah wani ya matso? Kai ɗin nan katanga ce tsakaninmu tun bara, sai da ka buge ni ka san ina raye."