Tayi Uku a Gidan Gwaggo

Ranar wata Alhamis da hantsi, bayan an gama cire gyaɗa, a tsakiyar shekarun 1950, mu huɗu ne a ɗakin Gwaggo a Bebeji: ita, da Inna, da ni, da ƙanena mai shekara bakwai.

Ƙanen nan nawa ba ya mantuwa. Ya san yawan rumbunan ƙauyenmu Ƙofa, ya san ranar da kowace akuya ta haihu. Gaisuwa ce dai ta gagare shi: in aka ce masa ina gajiya, sai ya yi bayanin inda take. An ba shi gurbi a makarantar elementare ta Bebeji, amma sai Gwaggo, yayar Baba, ta yarda ya zauna wurinta. Ita kuwa ta taɓa mayar da ɗan dangi gida saboda kwaɗayi.

Kwana uku Inna tana koya masa ka'ida: in an yi maka tayin abinci ka ce ka ƙoshi, sai a na uku ka sa hannu. In za a gwada shi, ni nake zama Gwaggo, da ɗankwalin Inna da akushi babu komai ciki, ina kwaikwayon tarinta. Bai taɓa kuskure ba.

Da muka gama gaisawa, Gwaggo ta buɗe kwanon waina da miyar taushe, ta ce bismilla. Ya ce ya ƙoshi. Inna ta saki numfashi. Suka shiga hirar damina, Gwaggo ta tura kwanon gabansa da hannu, ba ta ce komai ba. Na ga leɓensa yana motsi. Tun asuba muke tafe a ƙasa, ba abin da ya ci.

Can ya ce, "Gwaggo, turo kwanon nan da kika yi, tayi ne? In tayi ne saura ɗaya. In ba tayi ba ne saura biyu."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni na cusa bakin rigata a baki. Gwaggo ta tambaye shi wa ya ce uku ne, ya nuna Inna, ya ƙara da cewa ni ce nake zama Gwaggo a gida, har da tarin. Ta ce in yi ta gani. Na yi. Ta yi dariya har ta kama tarin gaske.

"Ci, ci, ci, ja'iri," in ji ta. "Sun cika?"

Ya ce har da rarar ɗaya, ko biyu.

Shekara huɗu ya yi a gidanta.